Ƙidayar Inji da Ganin Wata

Kwamfuta ba ta san Talata ba, balle Rajab. Daƙiƙa kawai take ƙirgawa. Masu tsarin Unix a Bell Labs ta Amurka ne suka yanka mata mafari, wato tsakar daren 1 ga Janairu, 1970, agogon GMT. Tun daga nan take ta lissafi, har ta cika biliyan ɗaya ranar 9 ga Satumba, 2001. Mu masu rubuta manhaja, aikinmu shi ne mu mayar da wannan doguwar lamba ranar da mutum zai gane.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san ramukanta. In rasit ya fito da 1 ga Janairu, 1970, ƙarfe ɗaya na dare, ba tsufa ya yi ba, sifili aka ba injin, shi kuma ya ƙara awa ɗayar da Najeriya ke gaban GMT da ita tun 1919. JavaScript kuwa da nata halin: daƙiƙa ɗaya dubu ce a wurinta, Janairu kuma wata na sifili. Sauƙi ya samu ne da kundin agogon ƙasashe da Arthur David Olson ya faro a shekarun 1980. A cikinsa babu Kano, sunanmu Africa/Lagos. Mun haƙura.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalandar Hijira. A nan unguwar Sheshe ta Kano, dattijo ba ya sa ranar aure ko saukar karatu sai ya ji kwanan wata nawa ne. Manhajoji da yawa lissafin Ummul Ƙura na Saudiyya suke bi, alhali mu sai an ga jinjirin wata Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato. Ga shi kuma ranarmu da magariba take kamawa, ta inji sai sha biyun dare. Shi ya sa waya kan ce 1 ga Ramadan, masallacin unguwa na cewa Sha'aban bai ƙare ba.

Matsalar 19 ga Janairu, 2038, ranar da ma'ajin tsofaffin injuna zai cika, an riga an samo maganinta. Ta wata kam lissafi ba zai warware ta ba. Don haka, ɗan'uwa, in za ka rubuta wa Islamiyya manhaja, ka bar wa malam wurin ƙara kwana ɗaya ko rage shi da hannunsa.