Kabari Ba Suna: Dalilin da Ya Sa Rajista Take Gaba da Tono

Gidan marayu, gidan mari da sansanin kutare sun yi tarayya a abu guda: idan wani ya rasu a ciki, mai kula da gidan shi ne shaida, shi ne kuma mai binnewa, dangi suna nesa. Hujjar wannan maƙala ita ce, gano waɗanda aka binne a irin waɗannan wurare aiki ne da ke farawa daga takarda tun kafin a sa magirbi a ƙasa.

Garin Tuam na ƙasar Ayalan ya isa misali. Daga 1925 zuwa 1961 ƙungiyar mata masu hidimar coci ta Bon Secours ta riƙe wani gida na matan da suka yi ciki ba aure. Catherine Corless, mai binciken tarihin garin, ta tattara takardun shaidar rasuwar yara 796 waɗanda babu bayanin inda aka binne su. Wannan giɓi ne ya tilasta wa gwamnati yin bincike, har a 2017 aka tabbatar da ƙasusuwan jarirai a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke haɗe da tsohuwar ma'ajiyar ƙazanta. An yi dokar da ta ba da damar tono a 2022, aka fara cikakken tono a watan Yuli na 2025. A makarantar horon yara ta Dozier da ke Fulorida a Amurka, gicciye 31 ne a maƙabarta, amma masanan Jami'ar Kudancin Fulorida sun tono kaburbura 55. Sunayen da ke kundin makarantar ne suka kai su ga dangin da aka gwada ƙwayoyin halittarsu, aka gane George Owen Smith a 2014. A wata tsohuwar makarantar kwana da ke Kamloops ta Kanada kuwa, na'urar da aka bi ƙasa da ita a 2021 ta nuna alamu kusan 200 da ake zaton kaburbura ne, amma na'ura ƙasar da aka taɓa haƙawa take nunawa, ba ta faɗin suna.

Mu a Kaduna batun ya shafe mu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Bayan haka aka rufe irinsa a Daura da Zariya. Babu wanda ya kamata ya yi zargin kisa ba hujja, amma tambayar tana nan daram: wanda ajali ya riska a irin wannan gida, a wane littafi aka rubuta shi? Haka tsoffin sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, inda mutane suka ƙare rayuwa nesa da garuruwansu. A 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawawwaki 347 a rami ɗaya a Mando bayan rikicin Zariya na Disamba 2015. An samu adadi, suna ne babu.

Wani zai ce tone kabari keta alfarmar mamaci ne. Wannan gaskiya ce, shi ya sa malamai ba su halatta shi sai da larura. Sai dai ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Jabir ɗan Abdullahi ya fito da mahaifinsa wata shida bayan yaƙin Uhudu, ya sake binne shi shi kaɗai. Ƙofar ba a rufe take ba. Abin da ke ƙara wa aikin wuya a ƙasar Hausa shi ne yadda muke jana'iza: cikin gaggawa, da likkafani kawai, galibi ba allon suna. Damina kaɗan ta isa ta baje tudun kabari, ga kuma birni yana ta cinye gonaki da filaye daga Kakuri har Kakau a kan hanyar Abuja.

Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa nauyin rubuta duk wanda ya rasu. Ya kamata gwamnati ta wajabta wa duk gidan da ke kwanar da 'ya'yan mutane ajiye kundin shiga, fita da rasuwa, masu unguwanni su auna iyakar tsoffin maƙabartu, jami'o'inmu kuma su naɗi bayanan dattawa masu haƙar kabari tun suna raye.