Giyabos ɗin Land Rover: Abin da Takardar Mota Ba Ta Faɗa

Da wuya a samu Land Rover da ta shekara talatin tana aiki a ƙasar nan kuma har yau tana ɗauke da giyabos ɗin da ta baro masana'antar Solihull da shi. Sau da yawa injin ma ba nata ba ne. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa ba ya dogara da takardar mota ko bakin mai ita. Sandar giya yake fara kamawa ya ƙirga giyoyin, ya nemi inda ribas take, sannan ya kwanta ƙarƙashi da tsumma da kananzir ya goge lambar da aka buga a jikin akwatin. Farkon lambar yana faɗin motar da aka ƙera shi dominta, harafin ƙarshe kuma yana faɗin gyaran da kamfani ya yi masa. Amma lambar ba ta da amfani ga wanda bai san yadda akwatunan suka gaji juna ba.

Land Rover ta farko ta fito a 1948, da giya huɗu da aka ɗauko daga ƙaramar motar Rover, aka liƙa mata akwatin ogzilari a baya. Wannan tsari ya daɗe ƙwarai. Direbobin En'e da na ma'aikatar gona duk sun san sanduna ukun nan: baƙa ta giya, mai jan kai ta ƙaramin gudu, mai rawayan kai da ake dannawa ƙasa tayoyin gaba su kama. Giya ta ɗaya da ta biyu ba su da zoben daidaita gudu, don haka sai an taka kuloci sau biyu, an ɗan ba da wuta a tsakani. Wanda bai iya ba, tun daga bakin kasuwa ake jin kukan haƙoran giyarsa. A 1971 Series III ta zo da zobe a dukkan giyoyin gaba. Direbobi suka ji daɗi, iyayen gidanmu a gareji kuwa suka ce tsohon ya fi juriya, kuma ina tare da su. Musanyar farko da na ga ana yi da yawa ke nan: a cire na Series III a mayar da tsohon na Series IIA. Aikin ba kwancewa da ɗaurawa kawai ba ne, domin hanyar sakin kuloci ta bambanta, dole a duba ƙwaryar kuloci da abin da ke cikinta.

Range Rover ta 1970 ta kawo LT95, ƙaton akwati wanda giya da ogzilari ke haɗe a gida ɗaya, tayoyi huɗu suna ja kullum. Man inji yake sha, ba man giya ba. Yana da ƙarfi, yana da nauyi, ba a cika taɓa shi ba.

Inda sana'ar ta canza da gaske shi ne 1983, lokacin da One Ten ta fito da LT77 mai giya biyar, wanda asalinsa na motar Rover SD1 ne. Lambar 77 ɗin tazarar milimita ce tsakanin manyan shaf biyu na ciki. Aka raba shi da ogzilari, aka ba ogzilarin nasa suna, LT230. Rabuwar nan ita ta buɗe ƙofar haɗe-haɗe, domin yanzu ana iya ɗauko giya daga wannan mota, ogzilari daga waccan. Ita ce kuma ta kawo cutar da kowane bakaniken Land Rover ya sani. Wutsiyar shaf ɗin giya tana shiga cikin giyar farko ta ogzilari da tsaga-tsaga, kuma mai ba ya isa wurin. Tsagar ta yi ta cinyewa tana zama jan gari, ana jin ƙwas idan an saki kuloci, har ranar da za a sa giya, inji ya yi ta kuka, mota na tsaye. Daga baya kamfani ya huda ramuka a jikin giyar don mai ya ratsa. Har yau, idan aka kawo mini akwati daga Ladipo ko Ƙofar Ruwa, kafin mu yi ciniki sai na buɗe murfin bayan ogzilari na ga ko giyar mai rami ce, na kuma duba tsagar da fitila.

Akwai kuma maganar mai. LT77 jan man nan na motoci masu giyar otomatik yake so, amma mutane sun saba da mai kauri na Series, sai su ɗura masa shi. Da sanyin hunturu giya ta biyu ta ƙi shiga, ɗan famfon da ke ciki ya wahala, a ce akwatin ne ba shi da kyau.

A 1994 R380 ya gaje shi, tare da injin 300Tdi. A waje sun yi kama sosai, har mai sayarwa zai iya rantse maka da zuciya ɗaya a kan abin da ba haka ba. Hannu ne ke raba gardama: ribas ɗin LT77 tana hagu can sama, gefen giya ta ɗaya, ta R380 tana dama, ƙasan ta biyar, kuma tana da zobe, ba ta ƙara. Kowa na son ya sa R380 a gurbin LT77, to amma na Defender mai 300Tdi ƙwaryar kulocinsa doguwa ce, saboda an matsar da injin gaba. Ka ɗaura shi bayan tsohon inji, sai ogzilari ya ja baya: farfelar gaba ta yi gajarta, ta baya ta yi tsawo, kujerun akwati su sauka daga inda suke, sandar giya ta fito a inda babu rami, birkin hannu ma ya tashi, tunda gangarsa a bayan ogzilari take. Akwai R380 mai gajeriyar ƙwarya da aka yi don irin wannan gurbi, sai dai samunsa sai an sha yawo. Na Discovery kuwa shi ya fi yawa a kayan Beljiyam, amma wurin zaman sandarsa daban ne.

Ogzilarin ma kala-kala ne duk da siffarsu ɗaya. Na Discovery 1.222 ne, na Defender 1.410, na tsofaffin One Ten masu raunin inji 1.667. Takardar da ake liƙa masa a baya ta kan ɓace, don haka muke kulle difireshal ɗin tsakiya, mu sa alli, mu juya da hannu: idan wajen fita ya zaga sau goma, wajen shiga zai zaga kusan sau goma sha biyu, ko goma sha huɗu, ko dab da goma sha bakwai. Mai zuwa Abuja a kan kwalta zai so na farko. Mai ɗaukar buhuna a yashin Yobe, ka sa masa shi, zai dawo yana cewa ka kashe masa ƙarfin mota.

Masu son sa giya biyar a Series su ne na fi ja wa kunne. Difireshal ɗinta 4.7 ne, na motocin da suka biyo bayanta 3.54, kuma gaɓoɓin aksul ɗinta na gaba ba a yi su don ja kullum ba. In aka haɗa ta da LT230 yadda yake, sitiyari zai riƙa fizga a kwana. Ƙarin giyar Fairey da ake ɗaurawa a bayan ogzilari ya fi mata sauƙi, in an dace da mai lafiya.

A 2007 Defender ta koma injin Ford da akwatin Getrag mai giya shida, kuma a Janairun 2016 aka daina ƙera wannan ƙirar tata. Kafin nan Land Cruiser ta riga ta ƙwace daji, daga Maiduguri har Agadas. Toyota tana rubuta lambar giyabos da ta aksul a kan farantin da ke jikin mota, H55F ko makamancinsa, yaro ya karanta ya tafi kasuwa. Yawancin yaran da ke koyon aiki yanzu can suke tafiya, kuma akwatunan Series masu lafiya sun fara ƙaranci, sai a haɗa biyu ko uku kafin a tayar da ɗaya.