Yadda Doki Ya Shiga Littafin Kimiyya

Duk ɗalibin da ya fara karatun kimiyya ya kan ci karo da kalmomi uku: aiki, makamashi da ƙarfin aiki. Da yawa daga cikinmu haddace su kawai mu ke yi don jarrabawa. Ni kuwa a ganina, wanda bai san asalinsu ba, da wuya ya gane su, balle ya bayyana su da Hausa. Ba a cikin aji aka haife su ba, a bakin ramin ma'adinai ne, wajen ciniki.

A da can, babbar matsalar masu haƙar kwal da kuza a Ingila ita ce ruwa da ke cika ramuka. Dawaki ne ke jawo shi waje, har zuwa 1712 da Tomas Niyukoman ya ƙera injin tururi mai zuƙo ruwa. Injin ya yi amfani, sai dai cin kwal gare shi. Jemis Wat, mai gyaran kayan aiki a Jami'ar Gilasgo, ya gano inda zafi ke ɓacewa, ya yi gyara, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1769. A 1775 ya haɗa jari da Matiyu Bolton na Bamingam.

To, yaya za a yi kuɗin inji? A yankin Konwal, inda kwal ke da tsada, abin da sauƙi: mai rami zai riƙa biyan sulusin kuɗin kwal ɗin da sabon inji ya rage masa. Amma masu injin niƙa, waɗanda dawaki ke juya musu dutse, ba su da kwal da za a kwatanta. Tambayarsu ɗaya ce: dawaki nawa injin nan zai sallama? Dole Wat ya auna doki. Ya tsayar cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin laba 33,000 sama ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya, watau daidai da jawo laba 330 daga rijiya mai zurfin ƙafa 100 a minti guda. Wannan ya ɗara abin da doki ke jurewa yini sur, don haka mai saye ba zai ce an cuce shi ba.

Ku lura da abubuwa uku a lissafin nan: nauyi, nisa da lokaci. Nauyi sau nisa shi ne aiki, kamar yadda Koriyolis, masanin Faransa, ya tabbatar da kalmar a 1829. Shi ya sa ɗan dako da ya tsaya cik da buhu a ka, ko gumi ya jiƙe shi, a wurin masu kimiyya bai yi aiki ba. In aka raba aiki da lokacin da ya ɗauka, an sami ƙarfin aiki.

Sauran makamashi. Jemis Jul, ɗan mai kamfanin giya kusa da Manchesta, ya ɗaura nauyi a igiya, nauyin na sauka yana juya filafilai cikin ruwa, shi kuma yana duba ma'aunin zafi. A 1850 ya bayyana cewa aikin ɗaga laba 772 ƙafa ɗaya na ƙara wa laba ɗaya ta ruwa zafi digiri ɗaya na Faranhait. Da wannan aka gane makamashi ba ya ɓacewa, kama kawai ya ke sakewa. Daga baya aka sa wa ma'aunin aiki suna jul, na ƙarfin aiki kuma wat. Doki ɗaya wat 746 ne, saboda haka megawat 760 da aka girka a madatsar Kainji sun ɗan haura dawaki miliyan ɗaya.

Ga abin da ya shafe mu, 'yan'uwa. Bahaushe ya kan tara duk waɗannan a kalma ɗaya, ƙarfi. Turawa ma daga maganar yau da kullum suka ɗauko nasu kalmomin, sa'an nan suka kafa wa kowace iyaka da awo, aikin da ya ci musu fiye da shekara 100. Ashe Hausa ba ta gaza ba. Abin da ya rage shi ne malaman harshe da na kimiyya su zauna tabarma ɗaya, su ba kowace ma'ana sunanta, mu kuma mu riƙe shi.