Hiram Smith: Daga Ƙirar Garma zuwa Majalisar Dokoki

An haifi Hiram Smith a shekarar 1817 a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, amma a jihar New York ya girma. A can ne ya fara sana'ar narka ƙarfe da ƙera garma yana sayarwa. A shekarar 1847 ya yi ƙaura zuwa yamma, ya kama gona kusa da garin Sheboygan Falls a yankin Wisconsin, shekara guda kafin yankin ya zama jiha.

A wancan zamani alkama ita ce dukiyar manomin Wisconsin. Ana shuka ta bana, a sake shuka ta baɗi a gona ɗaya, ba hutu ba taki. Sannu a hankali ƙasa ta gaji. A shekarun 1860 wani ƙwaro mai tsotse ruwan kara ya auka wa gonaki, sannan sababbin filayen Minnesota suka fara fitar da alkama mai araha. Manoma da dama suka tattara suka yi gaba.

Smith yana cikin waɗanda suka zauna, suka koma ga shanu. Hujjarsa mai sauƙi ce: alkama ɗiba take yi daga ƙasa, saniya kuwa tana mayar mata da taki, kuma tana ba da abin sayarwa kowace safiya. Sai dai madara ba ta jure doguwar tafiya, shi ya sa ake mayar da ita cuku da man shanu kafin a kai ta kasuwannin nesa. Shawo kan maƙwabta bai zo da sauƙi ba, domin maza da yawa suna ganin tatsa aikin mata ne.

A shekarar 1871 ya zauna a majalisar dokokin jiha a ƙarƙashin jam'iyyar Republican. Zama ɗaya ya yi, kuma gaskiya ba shi ne abin da ya sa ake tunawa da shi ba. Babban aikinsa ya fara ne a 1878, lokacin da aka naɗa shi cikin hukumar gudanarwar Jami'ar Wisconsin. Manoma a lokacin ba su yarda cewa malamin littafi yana da abin da zai koya musu ba. Smith, wanda shi kansa hannunsa ya saba da hantsar saniya, ya dage sai jami'a ta ɗauki noma da muhimmanci. A zamaninsa ne aka ɗauki William Henry a 1880, wanda daga baya ya shugabanci tsangayar aikin gona.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana'antun cuku tuwo a ƙwarya. Da nauyi suke sayen madara, don haka mai sirka ta da ruwa, ko mai kwashe maiƙonta, kuɗinsa ɗaya da na mai gaskiya. A 1890 wani masanin sinadarai na jami'ar, Stephen Babcock, ya fito da hanyar auna maiƙon madara: a zuba mata asid irin na batirin mota, a juya kwalbar da sauri a cikin na'ura, maiƙon ya taso a karanta yawansa. Babcock bai nemi a yi masa rajistar mallakar wannan fasaha ba, ya bar ta kyauta ga kowa. Daga nan aka koma biyan manomi bisa ingancin madararsa.

A wannan shekara ce jami'ar ta buɗe makarantar koyar da sarrafa madara ta farko a Amurka, kuma a cikinta ne Smith ya rasu. Bai ga ginin makarantar ba, wanda aka kammala a 1892 aka sa masa sunansa. Zuwa 1915 Wisconsin ta wuce kowace jiha a harkar madara. California ta karɓe wannan matsayi a 1993, amma a fannin cuku Wisconsin ce ke kan gaba har yau.