Lambar Da Ta Rushe Zaton Fermat

A shekarar 1640, Pierre de Fermat, masanin shari'a a birnin Toulouse na ƙasar Faransa, wanda ke lissafi a lokacin hutunsa, ya aika wa Frénicle de Bessy wasiƙa da wani babban zato. Ya yi imanin cewa ya gano hanyar samar da lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 7 ko 13.

Hanyar ba ta da wuya. A fara da 2, a ninka ta da kanta a samu 4, a ninka 4 da kanta a samu 16, sai 256, sai 65,536. Idan aka ƙara 1 a kan kowace, za a samu 3, 5, 17, 257 da 65,537. Dukkan biyar ɗin ba sa rabuwa. A kan haka Fermat ya ɗauka duk lambar da za ta biyo baya haka take, ko da yake ya amince cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Ya rasu a 1665 bai samo ta ba.

Lamba ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297. A zamanin alƙalami da takarda, gwada raba ta da dubban lambobi ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin rai, shi ya sa zaton ya zauna shekara 92 ba wanda ya rushe shi. A 1729 Christian Goldbach ya ja hankalin Leonhard Euler, matashi ɗan Suwizalan da ke aiki a cibiyar kimiyya ta Saint Petersburg a Rasha, zuwa ga maganar. A 1732, yana ɗan shekara 25, Euler ya nuna cewa lambar ita ce 641 sau 6,700,417.

Daga baya ya bayyana dabarar da ke rage wahalar. Duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan, dole ta kasance ninkin 64 da ƙarin 1. Wannan ya taƙaita neman zuwa 193, 257, 449, 577, sai 641, wadda ita ce ta biyar a layi.

Rushewar zaton ba ta zubar da darajar jerin ba. A 1796 Carl Friedrich Gauss na Jamus ya nuna cewa ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai-wa-daida da rula da kamfas kawai, kuma sirrin hakan shi ne 17 na cikin lambobin Fermat marasa rabuwa. A yau 65,537 na aiki a tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda ke cikin abubuwan da ke tsare mu'amalar banki a intanet. Ita kuwa 4,294,967,296, wato lambar Euler a cire 1, ita ce adadin adireshin da tsarin IPv4 na intanet ke iya bayarwa.

Tun daga Euler har zuwa zamanin kwamfuta, ba a ƙara samun ko ɗaya marar rabuwa a jerin ba. Duk wadda aka iya tantancewa bayan 65,537, an tarar tana rabuwa. Misalai biyar a jere sun isa su gamsar da mutum irin Fermat, amma ba su zama hujja ba. Ya kamata mai yanke hukunci da alƙaluma, a asibiti ne ko a kasuwa ko a ofishin gwamnati, ya riƙa tuna 641.