Karangiya a Tsohon Adabin Ingila

Kafin mawaƙan Ingila su saba da amsa-amon ƙarshen baiti, farkon kalma kunnensu ke bi. A kan haka aka gina Beowulf, waƙa mai layuka 3,182 wadda kwafinta guda tak, na wajen shekara ta 1000, ya tsallake wata gobara a 1731 da ƙyar. Kowane layi an raba shi gida biyu, kowane gida da gaɓoɓi biyu masu nauyi. Sautin da ya buɗe gaɓa ta uku shi ke jan ragama: dole ɗaya daga na farkon, ko duka biyun, su bi shi, ta huɗu kuwa a ƙyale ta. Abin da manazartanmu ke kira karangiya, suna lissafa shi cikin adon harshe, a can shi ne ginshiƙin waƙar.

Harshen ne ya jawo haka. Tsohon Ingilishi, kamar danginsa na Jamus da Sikandinabiya, a gaɓar farko ta saiwar kalma yake sauke nauyin furuci, don haka nan kunne ya fi kamawa. Kuma sauti ake bi, ba harafi ba, tunda akasarin masu sauraro ba su san karatu ba.

Bayan mamayar Nomawan Faransa a 1066 amsa-amo ya samu gindin zama, amma tsohon salo bai mutu ba. A ƙarni na 14 William Langland ya rubuta Piers Plowman da shi, kuma a ciki ake samun tsohuwar shaidar "kith and kin", wato dangi da makusanta. Yau Bature ba ya furta "kith" ita kaɗai. Abokiyar tafiyarta ce ta riƙe ta, kamar yadda ba kasafai ake jin "gaɗi" ba sai a "gaba gaɗi".

Sai dai ban yarda da masu cewa daga waƙa talaka ya ari irin waɗannan tagwaye ba. A ganina bakin jama'a da zauren shari'a ne suka ba mawaƙi. Inda rantsuwa da cinikin gona da ɗaurin aure suka dogara da hadda, maganar da ke amsa kanta ta fi wuyar mantuwa. "To have and to hold", wato mallaka da riƙewa, tana cikin takardun filaye, tana kuma cikin alkawarin aure na littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1549, wanda ango da amarya ke maimaitawa har yau.