Mayar da Ma'aunin Jefferson Zuwa Harshen Sinhala

Ma'aunin Jefferson, wanda Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa suka fitar a Kwalejin Likitanci ta Jefferson da ke Amurka a 2001, jimloli ne 20 da ake amfani da su wajen auna yadda ma'aikacin lafiya ke fahimtar halin da majinyaci yake ciki. Kowace jimla tana da matakan amsa bakwai, daga ƙin yarda ɗungum zuwa cikakkiyar yarda, shi ya sa maki kan kama daga 20 zuwa 140. Akwai sigar da aka keɓe wa ɗaliban fannonin lafiya, har da masu koyon aikin jinya.

A Siri Lanka, kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a 'yan ƙabilar Sinhala ne. Ɗalibin da ya amsa tambayoyin da Turanci, ana iya auna Turancinsa a zaci halinsa aka auna. Wannan ne ya wajabta fassara. Hanyar da aka saba bi ita ce mutum biyu su fassara daban-daban, a haɗa aikinsu, wani da bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, masana su kwatanta, sannan a gwada a kan ɗalibai kaɗan.

Wahalar aikin tana wuri biyu. Na farko, Sinhalar rubutu ta sha bamban da ta baka, har a nahawu. In aka zurfafa cikin ta adabi, ɗalibi zai amsa abin da bai gane ba sosai. Na biyu ya fi nauyi. Hojat ya ɗauki abin da yake aunawa a matsayin aikin hankali: gane damuwar majinyaci da nuna masa an gane. Ya raba shi da tausayi, wanda motsin zuciya ne. Amma a al'adar Buddha da ta mamaye harshen Sinhala, karuna, wato jinƙai, babbar ɗabi'a ce ta addini. Fassarar da ta karkata can za ta sa ɗalibi ya zaɓi amsar da ta dace da mutumin kirki, maki ya hau ba tare da an auna fahimta ba.

Saboda haka mayar da jimlolin zuwa Turanci bai isa shaida ba. Sai an zauna da ɗalibai an ji yadda suka fahimci kowace jimla, musamman guda goma daga cikinsu da ake juya makinsu. Daga nan a duba daidaiton amsoshi da ma'aunin Cronbach, inda 0.70 ne ƙaramin abin da aka saba karɓa, a kuma tabbatar rassan ma'aunin guda uku sun sake fitowa: duban lamari ta fuskar majinyaci, kula da shi cikin jinƙai, da sa kai a matsayinsa.